Katifa mai tauri da ciwon baya: abin da bincike ya gano da abin da kasuwa ke sayarwa

A kasuwannin kayan ɗaki na Kano da Kaduna da Maiduguri akwai maganar da ta zama tamkar doka: mai ciwon baya ya nemi katifa mai tauri, kuma iya taurinta iya amfaninta. Dillalai suna faɗa, iyaye suna maimaitawa, wasu ma'aikatan lafiya ma suna ba da wannan shawara. A kan wannan imani aka gina cinikin katifar da ake kira otofedik, wadda farashin babbarta daga sanannen kamfani ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, sau da yawa ma ya ninka shi.

Sai dai binciken likitoci bai goyi bayan wannan magana yadda ake yaɗa ta ba. Gwajin da aka fi dogara da shi a duniya kan batun ya nuna cewa katifa mai matsakaicin tauri ta fi mai tsananin tauri amfani ga masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Tazarar da ke tsakanin abin da aka gano da abin da ake sayarwa ta wuce batun barci. Ta shafi kuɗin magidanci a lokacin tsadar rayuwa, da aikin hukumomin da aka kafa don kare mai saye, da kuma yadda matasa ke faɗawa shan ƙwayoyin kashe zafi saboda rashin wanda zai duba su.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ciwon ƙasan baya a matsayin abin da ya fi kowane ciwo naƙasa mutane a duniya, wato hana su aiki da walwala. Ƙididdigar da aka wallafa a shekarar 2023 ta nuna cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Ana sa ran ƙarin zai fi yawa a Afirka da Asiya, inda jama'a ke ƙaruwa kuma mutane ke ƙara tsawon rai. Wannan ƙididdiga ta danganta kusan kashi 39 cikin ɗari na nauyin ciwon da abubuwa uku da za a iya sauyawa: yanayin aiki, shan taba, da ƙiba.

A nahiyar Afirka, wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe daban-daban, wanda aka wallafa a 2018, ya ƙiyasta cewa fiye da rabin mutanen da aka bincika sun yi ciwon baya a cikin shekara guda. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda ake neman abinci. Manomi yana wuni a duƙe da fartanya, ɗan dako yana ɗaukar buhun da ya kusa kai nauyinsa, ɗan acaɓa da direban Adaidaita Sahu suna shan girgiza a kan titi mai ramuka, tela yana zaune a kan benci marar majingini, mace tana daka da surfe da ɗibar ruwa da goyo a bayanta. Ga mafi yawan waɗannan, ranar da baya ya ƙi ita ce ranar da ba a samu na cefane ba, domin ba su da hutun rashin lafiya, ba su da inshora.

Akwai kuma wata gaskiya da ke da muhimmanci wajen fahimtar batun katifa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ciwon ƙasan baya irin wanda ba a iya danganta shi da wata takamaimiyar cuta ko rauni guda ne. Ko an ɗauki hoton ƙashi, sau da yawa ba a ganin abin da zai bayyana zafin, kuma ana samun mutanen da hotonsu ya nuna zaizayewar guringuntsi alhali ba sa jin ciwon komai. Ciwon da ba a san takamaiman tushensa ba kuwa fili ne ga duk mai abin sayarwa, daga mai maganin basir da ke yawo da lasifika zuwa mai shagon katifa.

Yadda baya ke kwanciya

Ƙashin bayan ɗan Adam ba miƙaƙƙe ba ne. Idan aka dube shi daga gefe, yana da lanƙwasa: wuya ya ɗan shiga ciki, tsakiyar baya ta fito, ƙugu ya sake shiga ciki. A ƙugun akwai ƙasusuwa biyar da ke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama, tsakanin kowane biyu akwai guringuntsi mai kama da faifai da ke rage gogayya, sannan tsoka da jijiyoyi sun kewaye su. Aikin shimfiɗa shi ne ta bar wannan tsari ya huta a yanayinsa na asali na tsawon sa'o'in barci.

Nauyin jiki bai rabu daidai ba. Kwankwaso da kafaɗu sun fi nauyi da faɗi, tsakaninsu kuma akwai ƙugu wanda ya fi siranta. Idan mutum ya kwanta rigingine a kan abu mai tsananin tauri, ɗuwawu da kafaɗu ne ke taɓa shimfiɗar, ƙugu ya zama kamar gada, ba abin da ya tallafe shi. Idan ya kwanta ta gefe, nauyin ya taru a kan kafaɗa da kwankwaso, ƙashin baya ya karkata, wurin da ya danne ya yi tsami, mutum ya yi ta juyi cikin dare. Idan kuma katifar ta cika laushi ko ta lotsa a tsakiya, kwankwaso ne ke nutsewa fiye da sauran jiki, baya ya lanƙwashe kamar wanda ya kwanta a cikin raga, juyawa ma ta zama aiki.

Daga nan ake gane cewa tauri daban, tallafi daban. Tauri shi ne abin da fata ke ji a saman katifa. Tallafi shi ne ƙarfin katifar na riƙe sassan jiki masu nauyi kada su nutse, tare da cike gurbin da ke ƙarƙashin ƙugu. Daɓen siminti yana da tauri iyaka, amma ba ya cike wannan gurbi. Katifa mai kyau ita ce wadda samanta ke karɓar siffar jiki, ƙasanta kuma ya riƙe.

Barcin kansa yana cikin lissafi. Bincike da dama ya nuna cewa ciwo da rashin barci suna ciyar da juna: mai ciwo ba ya samun barci mai nauyi, wanda bai yi barci sosai ba kuma yana ƙara jin zafin ciwo washegari. Saboda haka shimfiɗar da ke tayar da mutum sau da yawa cikin dare tana iya ƙara masa ciwo ko da ba ta taɓa ƙashinsa ba.

Gwajin da ya sauya tunani

A watan Nuwamban 2003 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa sakamakon gwajin da likita Francisco Kovacs da abokan aikinsa suka gudanar a Sifaniya. Sun ɗauki mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya wanda ba shi da takamaiman dalili, waɗanda ke jin zafi a kwance ko lokacin tashi. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka kai wa kowa sabuwar katifar sifirin gidansa ba tare da an gaya masa irin wadda aka ba shi ba. An auna taurin katifun da ma'aunin ƙasashen Turai da ke tashi daga 1, mafi tauri, zuwa 10, mafi laushi. Rukuni ɗaya ya samu katifa mai maki 2.3, ɗayan kuma mai maki 5.6.

Bayan kwana 90, duka rukunan biyu sun samu sauƙi, amma waɗanda suka kwana a kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi samu. Damarsu ta samun sauƙin zafi a kwance da kuma raguwar naƙasar da ciwon ke jawowa ta kai kusan ninki biyu na ta waɗanda aka bai wa mai tauri. Darajar wannan gwaji tana cikin tsarinsa: ƙuri'a ce ta raba mutanen, kuma ba su san abin da aka ba su ba, don haka ba a iya cewa tsammani ne kawai ya yi aiki.

Bayan shekara biyar, wani gwaji a Denmark da ya ƙunshi mutum 160 ya kwatanta katifar ruwa, da katifar soso mai karɓar siffar jiki, da katifa mai tauri. Nan ma biyun farko sun ɗan fi mai taurin, kodayake bambancin bai yi yawa ba. A 2007 ƙungiyar likitocin Amurka ta sanya a cikin jagorarta cewa katifa mai tauri ba ta kai mai matsakaicin tauri kawo sauƙi ga masu daɗaɗɗen ciwon baya ba, kuma nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwajen daga baya sun karkata ga wannan matsaya.

Wajibi ne a ajiye sakamakon a iyakarsa. An yi gwajin Sifaniya ne da katifun sifirin, alhali yawancin gidajen Najeriya soso suke amfani da shi. An yi shi a kan masu ciwon da ya daɗe, don haka ba ya nuna cewa katifa na hana lafiyayye kamuwa da ciwo. Sannan abin da ake kira matsakaicin tauri ya danganta da jikin mai kwanciya: katifar da ta dace da mai kilo 60 za ta iya yi wa mai kilo 100 laushi, kuma mai kwanciya ta gefe yana buƙatar sama mai ɗan laushi fiye da mai kwanciya rigingine. Duk da haka, abu ɗaya ya fito fili: shawarar cewa a nemi mafi tauri ba ta da tushe a cikin waɗannan gwaje-gwaje. Haka ma shawarar komawa kwanciya a ƙasa. Al'ummomi da yawa sun rayu a kan tabarma da gadon kara da katifar audugar rimi, kuma wanda jikinsa ya saba ba shi da dalilin sauyawa idan yana tashi lafiya, amma sabo ba magani ba ne da za a rubuta wa kowa.

Abin da ke cikin rigar katifa

Kalmar otofedik ta samo asali ne daga fannin likitancin ƙashi, shi ya sa take da kwarjini a kunnen mai saye. Amma a jikin katifa suna ne na kasuwanci, ba shaidar cewa an gwada ta a kan marasa lafiya ba. Da yawa daga cikin katifun da ke ɗauke da wannan suna an yi su ne da gutsattsarin soso da aka niƙa aka haɗa da gam aka matse, wanda ke ba su nauyi da tauri. Irin wannan soso yana da ƙarko kuma ya dace ya zama tushen katifa, amma idan ba a ɗora masa wani soso mai ɗan laushi a sama ba, yana iya zama daidai irin taurin da gwajin Sifaniya ya nuna bai fi amfani ba.

Ruɗani na biyu shi ne na densiti. Densiti nauyin soso ne, wato kilo nawa dunƙulen soso mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya zai yi a kan sikeli. Abin da ya fi nunawa shi ne ƙarko: soso mai densiti sosai yana daɗewa bai lotsa ba. Ba shi ne ma'aunin tauri ba, domin ana iya yin soso mai nauyi kuma mai laushi, ana iya yin marar nauyi mai tauri wanda zai zube cikin 'yan watanni. Akwai kuma dabarar da aka sani a masana'antar soso ta cakuɗa garin farar ƙasa a cikin sinadarai. Idan aka yi shi da yawa, katifa za ta yi nauyi a hannu, mai saye ya ɗauka inganci ne, amma sosan zai rasa danƙonsa ya fara marmashewa da wuri.

Mai saye a kasuwa ba shi da hanyar gane duk wannan. Katifa tana zuwa ne a cikin riga da leda. Abin da zai iya shi ne ya danna da hannu ko ya ɗaga ya ji nauyi, kuma duka biyun suna iya yaudararsa. A wasu ƙasashe kamfanoni na ba da damar a gwada katifa na tsawon makonni a mayar idan ba ta yi ba. A nan kuwa an saba da cewa kayan da ya fita ya fita.

Faɗuwar naira da lafiyar baya

Masana'antar soso tsohuwa ce a Najeriya. An kafa Vitafoam a 1962, Mouka kuma tushensa yana Kano tun ƙarshen shekarun 1950 kafin ya bunƙasa a Legas. Sai dai manyan sinadarai biyu da ake haɗawa a samu soso, wato foliyol da wanda ake kira TDI, daga man fetur ake samo su kuma daga waje ake shigo da su. Ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai tun 1958 tana sayen sinadaran katifarta da dala.

Wannan ya sa farashin katifa ke bin farashin dala sau da ƙafa. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A kan wannan aka ƙara cire tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga kuɗin dakon kaya, kuma katifa kaya ce mai cin wuri a mota. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

Idan abinci ya cinye kuɗin shiga, katifa tana cikin abubuwan farko da ake ɗage sayensu. Magidanci zai ci gaba da kwana a kan wadda ta lotsa, ko ya sayi ta hannu, ko ya koma ga marar suna mai araha. Ga iyayen amarya lamarin ya fi tsanani, domin gado da katifa su ne ƙashin bayan kayan ɗaki, kuma abin da ido ke aunawa ranar jere shi ne tsayin katifa, inci nawa ce, ba abin da ke cikinta ba. Kasuwa ta fahimci haka, sai ta samar da katifa mai tudu da kyan riga wadda cikinta ba ya ɗaukar shekara. Ta haka talaka ke biya sau biyu: ya sayi mai araha ta lalace, ko ya ci bashi ya sayi mai tsada mai tauri da sunan magani.

Ina hukumomi?

Doka ba ta bar wannan fage babu mai tsaro ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ita ke da alhakin tsara ma'auni da tantance kayan da ake ƙerawa a cikin gida ƙarƙashin shirinta na MANCAP. Hukumar FCCPC, wadda dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta kafa, tana da hurumin hukunta bayanin yaudara a kan kaya. Hukumar ARCON kuma tana sa ido a kan tallace-tallace. Tambayar da ta dace a yi musu mai sauƙi ce: idan kamfani ya rubuta a jikin kayansa kalmar da ke nuna yana magance ciwon baya, wace hujja ake nema daga gare shi? Maganin sha ba ya shiga kasuwa da irin wannan da'awa sai da rajistar NAFDAC. Babu dalilin da zai sa a bar katifa ta yi da'awar lafiya kyauta.

Gyaran da ake buƙata ba mai tsada ba ne. A wajabta wa kowane mai ƙera katifa ya rubuta densitin sosan, da matakin taurinsa bisa ma'auni guda da kowa zai bi, da nauyin jikin da aka yi ta dominsa, a kuma rubuta cikin harshen da mai saye ke karantawa. Turai tana da irin wannan ma'auni, shi ne ma ya ba masu binciken Sifaniya damar kwatanta katifa da katifa. Idan babu ma'auni, shawarar likita ta a nemi matsakaicin tauri ba ta da ma'ana a shago, domin matsakaicin wani kamfani shi ne mai taurin wani.

Gwamnati kuma tana da wani makami da ba a cika magana a kansa ba: ita ce babbar mai sayen katifa. Asibitoci, makarantun kwana, sansanonin masu yi wa ƙasa hidima, barikoki, gidajen gyaran hali da sansanonin 'yan gudun hijira duk da kuɗin jama'a ake saya musu shimfiɗa. Lokacin da gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a watan Oktoban 2023, gado da katifa suna cikin kayan da aka raba. Bayan ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri da ruwa a watan Satumban 2024, katifa da tabarma suna cikin abubuwan da dubban gidaje suka rasa kuma aka nema a matsayin agaji. A duk irin wannan kwangila, idan takardar ba ta fayyace densiti da inganci ba, an buɗe ƙofar a biya kuɗin mai kyau a kawo marar kyau. Masu bibiyar kasafin kuɗi da suka saba tambayar katifa nawa aka saya, ya kamata su ƙara da tambayar wace iri.

Daga ciwon baya zuwa ƙwaya

Ko da an gyara kasuwar katifa, ba a gama da ciwon baya ba. A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan kula da daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya. Abubuwan da ta sa a gaba su ne ilimantar da mai ciwo, motsa jiki bisa tsari, wasu nau'o'in tausa da gashi, taimakon masana halayyar ɗan Adam, da magungunan rage kumburi idan an buƙata. Ta kuma yi gargaɗi a kan ɗaura bel ɗin ƙugu, da jan baya da na'ura, da amfani da magungunan kashe zafi masu sa maye irin su tiramadol. Tsohuwar shawarar a kwanta a huta na kwanaki ma an daɗe da barin ta, domin zaman kwance yana raunana tsoka ya tsawaita ciwo.

Matsalar ita ce wanda zai isar da wannan kulawa. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta shiga tsarin. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Ƙwararrun gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, waɗanda su ne suka fi dacewa da mai ciwon baya, sun taru ne a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa, ba kasafai ake samun su a ƙananan cibiyoyin lafiya na karkara ba.

Gurbin da suka bari kemis ne ke cike shi. Matashi mai aikin ƙarfi da bayansa ya riƙe ba zai yi tafiyar kilomita ɗari don a koya masa motsa jiki ba, zai sayi ƙwaya ya koma bakin aiki. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi masu sa maye ba bisa umarnin likita ba, kuma tiramadol ne kan gaba. Ba duka ne suka fara saboda ciwon baya ba, amma sanannen abu ne cewa leburori da masu aikin ƙarfi na shan sa don su jure wahala. Magungunan da ake ɗauka marasa haɗari ma, irin su diklofenak, idan aka daɗe ana sha ba ƙa'ida suna iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda.

Lokacin da ba laifin katifa ba ne

Babban haɗarin ɗora komai a kan shimfiɗa shi ne ɓata lokaci. Akwai ciwon bayan da ke nuna cuta mai tsanani, kuma sauya katifa ba zai taɓa shi ba. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma ƙwayar cutar tana iya kama ƙashin baya ta cinye shi har ta kai ga ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu, alhali maganinta kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ciwon ƙoda, cutar sikila, da kansar da ta bazu daga mafitsara ko nono duk suna iya bayyana da ciwon baya.

Likitoci sun yi ittifaƙi a kan alamomin da ke buƙatar zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba: ciwon baya tare da zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, raunin ƙafa ko dindiris da ke ƙaruwa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko mutuwar ji a tsakanin cinyoyi, ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, da ciwon da ba ya lafawa ko a kwance ko a tsaye. Haka kuma matashin da ke tashi da sanƙarewar baya fiye da rabin sa'a kullum na tsawon watanni, wadda ke sauƙi idan ya motsa, yana buƙatar a bincike shi, domin akwai cutar kumburin gaɓoɓin baya da ke farawa da haka.

Abin da ya rage ga mai saye

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da mutum zai iya yi da kansa. Alamar da ta fi nuna cewa shimfiɗa na da hannu ita ce ciwon da ke tsananta da asuba ya lafa bayan an tashi an motsa, ko wanda ke raguwa idan an kwana a wani wuri. Katifar da ta yi rami a tsakiya ta gama aiki komai sunanta. Kafin a zarge ta kuma, a duba gadon, domin katakon da ya karye ko ya yi tazara yana lotsar da sabuwar katifa. Wanda katifarsa ta cika tauri zai iya ɗora mata siririn soso mai laushi maimakon sayen sabuwa. Mai kwanciya ta gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, mai kwanciya rigingine ya sa a ƙarƙashinsu. Juya katifa lokaci-lokaci yana ƙara mata kwana.

A shago kuma, danna katifa da tafin hannu ba gwaji ba ne. A kwanta a kanta na wasu mintoci a yanayin da aka saba barci, a lura ko ƙugu ya samu abin da ya tallafe shi, ko kwankwaso ya nutse. A tambayi densiti, a nemi takardar garanti da rasit, a duba alamar SON. Idan mai shago ya ce mafi tauri ita ce maganin ciwon baya, a tuna cewa mutum 313 da aka gwada a Sifaniya sun nuna akasin haka, kuma kuɗin da za a ƙara don sunan otofedik zai iya biyan ganin ƙwararren da zai gano ainihin abin da ke damun bayan.